Kofato: yadda ake duba shi, yanke shi da jinyarsa ga rago, sa, jaki da doki

Dabba ta fara ɗingishi, abin da ya fi zuwa ran mai ita shi ne allura. A sayo LA, wato allurar oksitetrasaikilin mai daɗewa tana aiki a jiki, a kasuwa, a soka, a jira. In ba ta warke ba a ce targaɗe ne a kafaɗa, wani ma ya kai ga yi mata lalas. Alhali galibin gurguntar shanu, tumaki, awaki, jakuna da dawaki daga kofato take tasowa, kuma sau da yawa abin da ya jawo ta yana nan maƙale, ana iya ganinsa da ido: tsakuwa, ƙayar aduwa, ƙusa, kaska a tsakanin kofatai biyu, ko ruɓa da ta fara wari. Saboda haka aikin farko shi ne ɗaga ƙafar a wanke ta a duba. Duk sauran abin da ke cikin wannan jagora a kan wannan ya hau.

Kofato kamar farcen mutum yake: na waje busasshe ne, ba ya jin wuƙa, amma dab a ƙarƙashinsa akwai nama mai jini da jijiya wanda shi ke haifar da shi. Na doki yana tsirowa kimanin milimita 6 zuwa 10 a wata, na saniya kimanin milimita 5. Dabbar da ke yawon kiwo a kan ƙasa mai tauri tana goge nata da kanta. Wadda aka ɗaure a turke, kamar ragon layya ko dokin barga, ba ta da abin gogewa, nata sai ya yi ta tsawo har ya lanƙwashe. Ga kuma damina: kofaton da ya kwana cikin taɓo da fitsari yana laushi, fatar tsakaninsa ta jiƙe ta tsage, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Wuƙar kofato, wato mai lanƙwasasshen baki, kuma ta zama mai kaifi sosai, domin dakusasshiyar wuƙa ce ke zamewa ta yanki dabba ko mai aikin. Almakashi mai ƙarfi irin na yankan reshen itace, don tumaki da awaki. Awartakin yanka da babban magagari, don doki da jaki da sa. Ɗan ƙarfe mai ƙugiya marar kaifi na sakace tafin kofato, wanda kowane maƙeri zai iya buga maka. Sai buroshi, bokiti, sabulu, aidin, feshin oksitetrasaikilin mai launin shuɗi, auduga, bandeji da igiya mai laushi. Bayan kowace dabba mai ruɓa, a wanke wuƙa da almakashi a tsoma su cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta, in ba haka ba da hannunka za ka raba wa garke cutar.

Mataki na 1: gano ƙafar

Ka sa a ja dabbar a fili mai tauri, ka tsaya ka kalle ta tana zuwa tana komawa. Idan ƙafar gaba ce ke ciwo, za ka ga tana ɗaga kai sama lokacin da ƙafar ta taɓa ƙasa. Idan ta baya ce, taku yana gajarcewa, ƙugu yana karkata. Tunkiyar da ke kiwo a durƙushe bisa gwiwa, ƙafafunta na gaba ne suka hana ta tsayuwa. Jaki kuwa sai an lura sosai, don yana ɓoye ciwo. Yawan kwanciya, sauya ƙafa a tsaye, ko ƙin tafiya da ake ɗauka taurin kai ne har a kai masa sanda, sau da yawa kofato ne ke cinsa.

Kafin ka ɗaga, dafa kofaton da tafin hannu ka gwada ɗuminsa da na ɗaya ƙafar. Ga doki da jaki, sa yatsu a bayan gaɓar da ke saman kofato, ta gefe, ka nemi bugun jini. A lafiyayyar ƙafa da ƙyar ake jinsa. In yana harbawa da ƙarfi, akwai wuta a cikin kofaton.

Mataki na 2: riƙe dabbar

Tunkiya ana zaunar da ita bisa ɗuwawu, bayanta ya jingina da ƙafafunka. Akuya ta fi yarda a ɗaure ta a tsaye kusa da bango a ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Doki da jaki, a sa ragama, wani ya riƙe kai yana tsaye ta ɓangaren da kake, kai kuma ka tsaya manne da jikin dabbar kana fuskantar wutsiya, ka shafo ƙafar daga sama zuwa ƙasa sannan ka ɗaga. Kada ka ja ƙafar jaki waje ko sama da yawa, gajere ne, zai ji zafi a ƙugu ya yi harbi.

Sa shi ne mai wuya. In akwai katakon matse shanu, a ɗaura igiya a saman gwiwar baya a rataya ta bisa gungumen sama a ja. In babu, sai a kayar da shi a kan yashi, ya kwanta ta gefen dama don tumbinsa ya kasance a sama, a sa buhun ƙaiƙayi ƙarƙashin kafaɗa. A shirya komai kafin a kayar, a yi aikin da sauri, saboda doguwar kwanciya tana kumbura masa ciki.

Mataki na 3: wanki da dubawa

Wanke da ruwa da sabulu har launin kofaton ya fito. Ga masu kofato biyu, buɗa tsakani ka leƙa har ciki, ka shinshina. Ga doki da jaki, sakace daga dunduniya zuwa gaba, musamman ramukan nan biyu da ke gefen tsoka mai siffar bakin mashi a tsakiyar tafin. Sannan bi farin layin da ya haɗa tafi da bangon kofato. Duk baƙin ɗigo a kan layin nan abin zargi ne, don ta nan yashi da tsakuwa ke kutsawa su tara mugunya. Matsa wurare daban-daban da awartaki a hankali, ko ka ƙwanƙwasa da ƙotar wuƙa. Inda dabbar ta fizge ƙafa, nan ne.

Idan ka tarar dabbobi da yawa sun gurgunce lokaci ɗaya, suna zubar da yawu, da ƙuraje a baki da saman kofato, ajiye wuƙar. Wannan ciwon baki da kofato ne, wanda makiyaya da dama ke kira boru. Yana yaɗuwa kamar me, kuma yanka ba ya yi masa komai. A ware garken, kada a kai kasuwa ko mashaya ta gama-gari, a sanar da ofishin dabbobi. Akwai rigakafinsa, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos tana cikin masu yin sa. Doki da jaki ba sa kamuwa da shi.

Mataki na 4: yanka

Ga rago da akuya, bangon kofato ne ke tsawo ya naɗe ƙarƙashin tafi, ya riƙe kashi da laka. Sakace dattin, yanke abin da ya naɗe har ya yi daidai da tafi, rage tsinin gaba kaɗan-kaɗan. Abin da ake nema shi ne ƙasan kofaton ya kwanta daidai da layin gashin da ke samansa. Da ka ga farin ya fara komawa ja-ja, tsaya, jini na kusa. Kofaton da ya shekara ba a taɓa ba kada a ce sai an gama shi rana ɗaya. A rage, a bar shi mako 2 ko 3, a sake.

Ga shanu, tsarin da aka fi bi a duniya shi ne na likitan dabbobin Holan, Toussaint Raven. A ƙafar baya ana farawa da kofaton ciki, don shi ya fi zama daidai, a auna kimanin santimita 7.5 daga inda ƙahon kofato, wato busasshen ɓawonsa na waje, ya fara tauri zuwa tsini ga saniya matsakaiciya, a bar fiye da haka ga babban sa. Sai a daidaita na waje da shi, a ɗan rarake wurin da ke kusa da tsakani don kada nauyi ya taru a nan, a cire ƙahon da ya ɗago. Kaurin tafin da ya kamata a bari milimita 5 zuwa 7 ne, don haka in ka danna da babban yatsa ka ji yana lotsawa, ka kai iyaka. Shanunmu na kiwo, Bunaji da Rahaji da Bokolo, ba kasafai suke bukatar wannan ba. Masu bukata su ne na turke, na madara da ke tsaye kan siminti, da shanun huɗa waɗanda suka yi rani a ɗaure. Waɗannan a gyara su makonni kafin ruwan shuka, kada a bari sai ranar da za a ɗaura garma.

Doki yana son gyara duk mako 6 zuwa 8, jaki kusan haka ko ɗan fiye. A rage bango da awartaki, a daidaita da magagari, a goge bakin ya zama zagaye don kada ya tsage. Tafi da tsokar tsakiya ba a fafe su, abin da ya riga ya saɓule kawai ake cirewa. Kofaton jaki ya fi na doki miƙewa tsaye, kada a ce sai an kwantar da shi ya yi kama da na doki. Wanda bai taɓa yi ba ya tsaya kusa da wanda ya iya ya gani tukuna.

Ruɓar kofato

Nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ruɓar tumaki da awaki tana farawa da ja da danshi a fatar tsakani, sannan ƙahon ya fara rabuwa da nama daga dunduniya, da wari wanda in ka taɓa jinsa ba ka mantawa. Ƙwayoyin cuta biyu ne ke haɗa kai, Dichelobacter nodosus da Fusobacterium necrophorum. An daɗe ana koyar da cewa a fafe duk ƙahon da ya ruɓe har a ga jini. Binciken da aka yi a Jami'ar Warwick ta Ingila ya nuna akasin haka: tumakin da aka yi wa allurar oksitetrasaikilin da feshi ba tare da yanka ba sun fi saurin warkewa, yankan ma jinkirta warakar yake yi. Ni ina tare da wannan ɗari bisa ɗari. Naman da wuƙa ta tone yakan tsiro jajawur ya ƙi rufuwa, dabbar ta gurgunce har abada.

Ga yadda za a yi. Ware marar lafiyar a busasshen wuri. Wanke, busar, fesa maganin a tsakani, a bar ta tsaye kan busasshiyar ƙasa har ya bushe. In fatar ce kawai ta yi ja, feshin yakan wadatar. In ƙahon ya fara rabuwa, sai an haɗa da allura, kuma a nan ne LA ke da amfani: mai ƙarfin kashi 20 cikin 100 ana ba da mililita 1 ga kowane kilo 10 na nauyin dabba, a cikin tsoka. Ragon kilo 50 ke nan mililita 5. Rabin awo ba ya warkarwa, koya wa cutar jure magani kawai yake yi. A karanta kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba na jira kafin a yanka dabbar don ci ko a sha nononta, sau da yawa sun kai makonni 3 zuwa 4 ga nama. Mai kiwon ragon layya ya lissafa wannan tun da wuri, don ba daidai ba ne a ciyar da mutane naman da magani bai fita ba.

A shanu ruɓar tana zuwa farat ɗaya: ƙafa ta kumbura daidai ta kowane gefe har kofatai biyun su ware, fatar tsakani ta tsage. Tana jin allura da wuri in an kama ta a kwana na farko ko na biyu. In kwana 3 sun wuce babu sauƙi, ko kumburin ya fi yawa a gefe ɗaya, wataƙila ta shiga gaɓa, aikin likita ne.

In cutar ta zagaye garke, a yi kwamin wanka. Mafi aminci shi ne zinki salfet, kilo 1 cikin lita 10 na ruwa, zurfin da zai rufe kofato. A wanke ƙafafu da ruwa tukuna, dabbobin su tsaya ciki minti 15 zuwa 30, sannan su tsaya a busasshen wuri kamar awa guda. Kofa salfet, shuɗin garin nan, rabin kilo ne cikin lita 10, amma guba ne ga tumaki in sun sha, ga su ya fi kyau a bar shi. Fomalin, wani maganin da ake zubawa a kwamin wanka, yana ƙona buɗaɗɗen rauni, tururinsa kuma yana cutar da mai aikin. Ƙwayar ruɓar tumaki ba ta wuce kamar mako 2 a ƙasa in babu ƙafar da za ta shiga, saboda haka sauya makwanci na wannan tsawon yana taimakawa ƙwarai. Wadda ruɓa ta dawo mata sau uku duk da magani, ita ce ke ajiye cutar a garken, a fitar da ita.

Katako a ƙarƙashin kofaton sa

Wannan dabara ta fi kowace burge ni, kuma ba a san ta sosai a wurarenmu ba. Sa yana da kofato biyu a kowace ƙafa. In ɗaya ya yi gyambo a tafi ko mugunya a farin layi, ana manna ɗan katako mai kaurin santimita 2 zuwa 2.5 a ƙarƙashin lafiyayyen, sai mai ciwon ya rataya bai taɓa ƙasa ba. Sa da aka kawo da ƙafa uku yakan tashi ya taka.

Da farko a buɗe wurin ciwon da wuƙa, a cire ƙahon da ya ɗago kewaye da shi don mugunya ta fita, ba tare da taɓa jan naman ba. A tabbatar ɗaya kofaton lafiya lau yake. A daidaita tafinsa, a karce shi da magagari don gam ya kama, a busar da shi ƙayau, domin danshi ne ke sa katako faɗuwa. A haɗa gam ɗin kofato, irin su Technovit, a shafa, a danna katakon ya kwanta sosai ya ɗan ja baya don ya tallafi dunduniya, a riƙe ƙafar har gam ya daskare. Kafinta zai iya yanka maka katakon, amma gam ɗin sai na wannan aiki, na takalmi ko na katako ba ya riƙewa. A bar shi mako 4 zuwa 6, in bai goge da kansa ba a cire. In ɗingishin ya ƙaru bayan an manna, a cire nan take.

Doki da jaki

Mugunya a cikin kofato tana sa doki ya ƙi taka ƙafa kwata-kwata, har a zaci karaya ce. Wanda ya iya ya bi baƙin ɗigon da wuƙa ya buɗe ƙaramar ƙofa, mugunya mai ruwan toka ta fito. Sai a jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi da gishirin Epsom minti 15 zuwa 20, a cusa sukari da aka kwaɓa da aidin, a rufe. Famfas ɗin jarirai yana shiga kofato daidai, a naɗe shi da salatif mai ƙarfi, a sauya kullum. Kada a ɗaure da robar tayar keke a saman kofato, tana tsayar da jini. Bandejin da ya jiƙe ya kwana biyu a ƙafa ya fi rashin bandeji illa.

Ƙusa kuwa, in ta shiga tsakiyar tafi kusa da tsokar nan, abin gaggawa ne, don ƙarƙashin wurin akwai agara da gaɓa. A lura da inda ta shiga da zurfinta, a ajiye ta a nuna wa likita. Kowane huji a kofaton doki ko jaki yana bukatar allurar kariya daga tetanos, cutar da ke sandarar da jiki, wadda suke saurin kamuwa da ita kuma ba kasafai suke tashi ba. LA ɗin shanu ba na doki ba ne, kada a soka masa.

Baƙin ruwa mai wari a ramukan tafi alamar barga ce mai danshi. A sakace kullum, a sa aidin, a kwashe kashi, a zuba sabon yashi. Jaki ya fi doki shan wahalar wannan, domin kofatonsa na busasshiyar ƙasa ne, yana shan ruwa ya yi laushi.

Akwai kuma ciwon da hatsi ke kawowa. Dokin da aka cika wa dawa ko gero don ya yi ƙiba kafin hawan sallah, ko ya kwance ya faɗa wa buhu, naman da ke riƙe da kofatonsa yana iya kumbura. Za ka gan shi ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina baya, kofatai da zafi, jini na harbawa. A janye hatsi gaba ɗaya, a bar masa busasshiyar ciyawa, a tsayar da shi kan yashi mai zurfi, a sa ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara, a kira likita a ranar. Kada a tilasta masa tafiya wai don jini ya sake, ƙashin ciki na iya juyawa. In jaki ne wannan ciwo ya kama, kada a bar shi da yunwa, kuma jakin da ya daina cin abinci shi kansa abin gaggawa ne.

Takalmin ƙarfe

Dokin da ke tafiya kan yashi bai bukatarsa. Wanda ke bukata shi ne mai yawan taka kwalta da marmara har kofato na gogewa fiye da yadda yake tsirowa, da dawakin folo irin na Kaduna da Kano da Katsina. Dokin da zai yi hawan Daushe da hawan Nassarawa a jere kan titi, a duba tafinsa tun da sauran makonni. Takalmi ake bugawa ya dace da kofato, ba a yanke kofato don ya shiga takalmi. Ƙusoshi suna shiga ta farin layi su fito a jikin bango, kuma ba a buga su a bayan inda kofato ya fi faɗi, don dunduniya tana buɗewa da kowane taku. Dokin da ya fara ɗingishi kwana ɗaya ko biyu bayan sa takalmi, ƙusa ta matsi nama, a cire. Duk mako 6 zuwa 8 a cire a gyara kofato a mayar. Akwai kuma takalman roba da ake sawa lokacin aiki a cire da yamma, suna da amfani ga kofaton da ke jinya, muddin ana cirewa ana busarwa.

Baƙin mai na inji da ruwan batir ba su da wuri a kofato, ƙona nama suke yi. Ruwan bagaruwa yana ɗan tsotse danshin fata, amma ba ya kai wa ga ruɓar da ta shiga ƙarƙashin ƙaho.

Makwanci

Turke ya zama a tudu, ƙasa ta ɗan gangara don fitsari ya wuce, a kwashe kashi kullum da damina. A zuba tsakuwa ko marmara a bakin mashaya inda ake cakuɗa taɓo. A riƙa leƙa tsakanin kofatai don kaska. Dabbar da aka sayo daga kasuwa a ɗaga ƙafafunta huɗu tun kafin a biya kuɗi, a gida kuma a ware ta mako 3 zuwa 4 kafin ta shiga cikin sauran. Tsagar da ta fara daga saman kofaton doki ba ta haɗewa, sai dai sabon ƙaho ya turo ta ƙasa, kuma hakan yana ɗaukar wata 9 zuwa 12, don haka a ci gaba da gyaran kofaton a kan lokaci har tsagar ta iso baki a yanke ta.